Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumomin Ilimi na Jihar Sakkwato Kan Ɗaliban da Firgici Ya Biyo Su Cikin Aji

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimin Firamare da Sakandare, da Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), da shugabannin Hukumar Ilimin Mata da Hukumar Ilimin Larabci da Addinin Musulunci.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya dafa muku a kan nauyin da ke wuyanku, mu da muka haɗu a kan wannan takarda malaman aji ne, da malaman ba da shawara, da wasu ma'aikatan jinya na ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, duk a nan jihar muke aiki. Muna magana da yawun ɗiyan da ba su da hanyar zuwa ofisoshinku: waɗanda aka kashe iyayensu a gabansu, da waɗanda suka kwana a hannun 'yan bindiga, da waɗanda suka baro garuruwansu cikin dare, yau ga su zaune a azuzuwanmu ana tambayar su jimlar lissafi.

Tun watan Disamban 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, da gwamnati ta rufe makarantun kwana na yankunan da ke cikin haɗari, maganar tsaron makaranta ta zama maganar katanga da ƙofa da masu gadi da kwashe ɗalibai zuwa wuri mai aminci. Duk wannan ya kamata, kuma mun gode. Sai dai katanga ba ta tare abin da yaro ya shigo da shi a cikin ƙirjinsa. Yaron da yake ɗan shekara shida lokacin harin Tabanni a Rabah a 2018 yanzu ya kai sakandare. Ƙannensa sun taso da labarin kasuwar Goronyo ta Oktoban 2021, da motar da aka ƙone da fasinjoji a yankin Sabon Birni a Disamban shekarar, da almajirai 15 da aka kwashe a Gidan Bakuso ta Gada a Maris 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da rikici ya shafa yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kama daga baƙin ciki mai tsanani zuwa firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Ba mu ga dalilin da zai sa Isa ko Tangaza ko Gudu su fita daban ba.

Abu na farko da ke damun mu shi ne ana hukunta waɗannan yara a kan alamun ciwonsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jikin da ya taɓa fuskantar mutuwa yakan zauna cikin shirin gudu ko faɗa ko da haɗarin ya wuce: zuciya na bugu da sauri, kunne na sauraren waje, barci ba ya nisa. Ƙarar babura biyu ko uku a jere ta ishi yaron da aka kai wa garinsu hari a kan babura ya faɗa ƙarƙashin benci. Haka ƙofar da iska ta buga, ko ƙaurin shara da ake ƙonawa a bayan aji, ko ganin mai kaki da bindiga a bakin ƙofa. A wannan lokacin ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar karatu, ko da malami zai maimaita sau goma. Ƙananan 'yan firamare sukan koma fitsarin kwance ko su jiƙa wando a aji, su manne wa malama, ko su daina magana gaba ɗaya. Na tsakiya sukan yi ta kukan ciwon ciki da ciwon kai da asibiti ba ta gano komai, su yi ta gyangyaɗi domin mugun mafarki ya hana su barci, wasansu na tara kuma duk na 'yan bindiga ne da karan dawa. Manya sukan zama masu saurin hannu, ko su ware kansu, ko su faɗa shan Tramadol da sholisho don su samu su yi barci.

A rajistar makaranta duk waɗannan sunayensu daban: mai barci a aji, mai taurin kai, daƙiƙi, mai fashin makaranta. Maganinsu kuma bulala ce da tsallen kwaɗo da durƙuso a rana. Yaron da aka ɗaure a daji aka yi wa duka, in aka kwantar da shi a gaban asambili monitoci huɗu suka riƙe hannu da ƙafa, a wurinsa an maimaita masa abin da ya faru ne. Ko ya yi kokawa a ce ya raina malami a kore shi, ko gobe ya ƙi zuwa. Ta kowace hanya an rasa shi, kuma kowa ya san masu jiran irin wannan yaro a waje. Ba mu ce a bar tarbiyya ba. Akwai hukuncin da ba ya taɓa jiki: a janye shi gefe a yi masa magana bayan ya huce, ya gyara abin da ya ɓata, a kira mai riƙonsa. Abin da ya fi komai rage rashin ji a irin wannan aji shi ne yaro ya san abin da zai faru: jadawali a bango, malami ɗaya da ya san sunansa yake gaishe shi kowace safiya, dokoki huɗu ko biyar da ba sa canzawa da fushin malami.

Na biyu, malami bai san wa ke gabansa ba. Ana kawo yaro daga Sabon Birni a tsakiyar zango, babu takardar canjin makaranta, babu ta haihuwa, domin wanda ya gudu da rigar jikinsa bai tsaya neman takarda ba. Wani wurin a ce ya je ya kawo, ya tafi ke nan. Inda aka karɓe shi kuma sai a duba tsayinsa a jefa shi aji biyar, alhali shekara biyu bai ga allo ba, ya zama abin dariya. Tambayoyi uku ne kacal ake buƙata ranar rajista, a yi su ga babba, a keɓe, ba a gaban yara ba: daga ina kuka taso, an rasa wani ko an ɗauke wani a gidan, wa ke riƙe da yaron yanzu. A rubuta a littafi dabam da ke cikin akwati mai makulli. Malamin aji ba sai ya san dukan labarin ba, ya ishe shi a ce masa wannan a lura da shi, kada a zo masa ta baya, a zaunar da shi inda yake ganin ƙofa. Sannan a gwada karatunsa da ɗan gajeren gwaji na baki a sa shi inda zai iya bi, tare da darasin cike giɓi.

Na uku, inda ake son a taimaka ma ana yin ɓarna saboda rashin sani. Baƙi su zo da kwalin biskit da na'urar ɗaukar hoto, a tara yaran da aka sako a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Gobe wasu baƙin su zo a sake. Masana sun daɗe da barin wannan hanya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi hani da zaman da ake tilasta wa mutum ya amayar da abin da ya same shi nan take, domin ba ya hana ciwon, wani lokaci ma ƙara shi yake yi. Abin da ta shimfiɗa a madadinsa tun 2011 shi ne taimakon farko na kwantar da hankali, mai matakai uku: duba, saurara, haɗa shi da mai taimako. A aji, ga yadda yake. Yarinya ta zabura tana haki tana karkarwa. Malama ta sa wani babba ya riƙe ajin, ta hana a yi mata rumfa. Ta durƙusa daidai tsayinta ta gaba, ta kira sunanta da murya ƙasa-ƙasa, ta gaya mata inda take da ranar da ake ciki: kina makaranta, yau Talata, ni ce malamarki, babu kowa. Kada ta riƙe ta sai ta nemi izni. Su ja numfashi tare ta hanci ana ƙirga huɗu, su sake shi ta baki ana ƙirga shida, kamar sau goma. Ta ce ta ambaci abubuwa biyar da take gani a ɗakin. Ta ba ta ruwa, ta bar ta ta zauna a inuwa minti goma ko sha biyar tare da ƙawa ɗaya, sannan ta koma aji a ranar, domin in kullum gida ake tura ta, aji zai zama wurin da take gudu. In daga baya ta so yin magana, a saurara ba tare da tono ba. Addu'a da nasihar haƙuri suna da babban gurbi a nan, yara da yawa da su suke samun natsuwa. Kuskuren shi ne a mai da su abin rufe baki, a ce ki yi shiru, ba ki yarda da ƙaddara ba ne? Yarinyar da ta ji haka ta ƙara laifi a kan tsoronta, kuma ba za ta sake faɗa ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke faruwa a makarantun 'yan mata, musamman na kwana, wanda kowa ya sani amma ba a rubuta shi a rahoto. Ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin a jima biyar sun bi ta, a ce iska ta shiga makaranta. Ba mu zo jayayya da kowa a kan ruƙiyya ba. Muna roƙon a san abubuwa biyu. Tsoro yana yaɗuwa ta ido da kunne, don haka matakin farko shi ne a raba waɗanda suka faɗi, kowace a ɗaki dabam tare da mace babba, a kori 'yan kallo, a hana ɗaukar bidiyo. Yawan haki shi kansa yana sa jiri da sandarewar yatsu, kuma yana lafawa in numfashi ya daidaita. Na biyu kuma, a cikin masu faɗuwar ana iya samun mai ciwo na jiki da jinkiri zai kashe. A taɓa jiki a auna zafi. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin bazara sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Zazzaɓi da ruɗewa da damina na iya zama cizon sauron da ya hau kai. Mai farfaɗiya a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali a baki, yawunta ba ya yaɗa ciwon, in fizgar ta wuce minti biyar a nufi asibiti. A kuma tambayi yaushe rabonta da abinci. Duka da hayaƙin barkono ba su da wuri a makarantar gwamnati ko da wane suna aka kira su.

Na huɗu shi ne malamin ba da shawara. Manufar ilimi ta ƙasa ta ambaci wannan aiki tun 1977, amma a makarantu da yawa sunan ne kawai a allon ofishin shugaba. Wanda ya karanci fannin an ɗora masa darussa cike da mako kamar kowa, ba shi da ɗaki, in ɗalibi zai yi masa magana sai a ɗakin malamai ana cin ƙosai ana saurare. Wace yarinya ce za ta faɗi abin da aka yi mata a daji a irin wannan wuri, ga namiji kuma? Ana buƙatar ɗaki mai ƙofa da taga, inda ake hango mutum amma ba a jin maganarsa, da mace ga 'yan mata. Shi ma sirrin yana da iyaka, kuma a gaya wa yaro tun farko: ba zan faɗa wa kowa ba sai in rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari, ko ana cutar da kai yanzu. In fyaɗe ne, lokaci na da muhimmanci ƙwarai, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru a nan Sakkwato don wannan aka buɗe ta, amma shugabannin makarantu nawa ne suke da lambarta? Dokar kare yara da jihar nan ta sa wa hannu a 2021 ba ta amfani yarinyar da malaminta bai san inda zai kai ta ba.

Na biyar, babu hanya tsakanin makaranta da asibiti. Yawancin yara suna farfaɗowa da kansu cikin makonni in sun samu aminci da abinci da babban da suka yarda da shi. Waɗanda alamunsu suka wuce wata ɗaya ba sauƙi, ko suka hana su karatu da barci da cin abinci, su ne ke buƙatar ƙwararre. Akwai kuma waɗanda ba a jira da su ko kwana ɗaya: mai cewa gara ya mutu, mai yanka jikinsa, mai jin muryoyi, wanda ya daina ci da sha. In ɗalibi ya yi maganar mutuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna da igiya daga inda yake, a kira mai riƙonsa, a kai shi asibiti a ranar. Allah Ya ba jihar nan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, abin da jihohi da dama ba su da shi. Amma kun san yadda kalmar Kware take a bakin mutanenmu. Uba zai gwammace ya cire ɗiyarsa daga makaranta da a ce an gan ta a can, don kada ta rasa mijin aure. Ga kuɗin mota daga Isa ko Kebbe. Saboda haka ma'aikacin ne ya kamata ya zo wurin yaro, a asibitin da ke kusa, a ranar da aka sani. A kuma ja kunnen masu sayo wa yara ƙwayar barci a kemis: tana danne alamun ne na ɗan lokaci, ta bar yaro da sabo.

Malaman su ma mutane ne. Akwai wanda aka sace ƙaninsa ya sayar da gona ya biya fansa, ranar Litinin ya shiga aji da alli. Malamin da bai yi barci ba shi ne mai saurin ɗaga bulala.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A fitar da takardar umarni kafin zango mai zuwa cewa ba za a mai da yaron da ya yi gudun hijira gida don rashin takarda ko yunifom ba, kuma an hana dukan taron dangi a asambili. A cikinta a hana kowane baƙo, ko ɗan jarida ko jami'in ƙungiya, yi wa ɗalibi tambaya a kan abin da ya same shi ko ɗaukar hotonsa ba da izinin mai riƙonsa da na hukuma ba. Wannan bai buƙatar ko kwabo.

A horar da malamai biyu a kowace makaranta, namiji da mace inda akwai, a fara da Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo, Wurno, Gada, Illela, Tangaza da Gudu, da makarantun cikin gari da suka karɓi 'yan gudun hijira. Kwana biyar sun isa a koyi gane alamu, da taimakon farko, da riƙe sirri, da lokacin turawa asibiti, muddin da Hausa aka yi shi kuma aka gwada a aikace. Abin da ke kashe irin wannan horo sananne ne: a yi shi a otal, a raba kuɗin zama, a watse, ba mai sake waiwaya, bayan wata uku a yi wa malamin canjin wurin aiki. Don haka a haɗa shi da zaman bita sau ɗaya a wata a kowace ƙaramar hukuma tare da ƙwararre, kuma kada a ɗauke wanda aka horar kafin shekara biyu sai da wanda zai maye gurbinsa. Malaman ba da shawara a rage musu darussa zuwa rabi. Sashen ilimi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna da mutanen da za su iya wannan aiki, kuma ya dace darasin ya shiga cikin karatun masu shirin zama malamai.

Ga ɗaliban da damuwarsu ta yi nauyi amma ba ta kai ta asibiti ba, akwai tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 mai suna EASE, don 'yan shekara 10 zuwa 15: zama bakwai na ƙaramin rukuni ga yara, uku ga iyaye ko masu riƙo, kuma wanda ba likita ba zai iya gudanar da shi in an horar da shi ana duba aikinsa. A fassara shi, a daidaita shi da al'adarmu tare da malaman addini, a gwada a makarantu kaɗan kafin a faɗaɗa. Zaman iyayen kada a yi wasa da shi, domin uwar da ita ma ba ta barci ita ce yaron yake komawa wurinta da yamma.

Ku zauna da Ma'aikatar Lafiya da asibitin Kware a tsara ziyarar ma'aikaci sau ɗaya a wata zuwa babban asibitin kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, da takardar turawa mai shafi ɗaya, da lambar waya ɗaya da shugaban makaranta zai kira. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba ku madogara. Kuɗin motar marayu da abincinsu kuwa, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ƙofa ce da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Kada a bar tsangayu da makarantun Islamiyya a baya. Yaran ƙauyukan da aka tasa da yawa can suka nufa, ba boko ba, kuma alaramma ne kaɗai babban da suke gani. A gayyaci alarammomi da malaman Islamiyya mata cikin horon ta hannun Hukumar Ilimin Larabci da Majalisar Sarkin Musulmi, a lokacin da bai ci karo da karatunsu ba.

Inda za a koya wa ɗalibai abin da za su yi in an kawo hari, kamar yadda manufar tsaron makarantu ta ƙasa ta 2021 ta tanada, a sanar da su da iyayensu tun kafin ranar, a yi shi a natse, ba harbi, ba ihu, ba wanda zai yi shigar ɗan bindiga. Atisayen ba-zata a makarantar da ke da irin waɗannan yara zai iya zubar da aikin zango guda.

A ƙarshe, a ware wa wannan aiki layinsa a kasafin kuɗin ilimi, ko da ƙarami ne, kuma kowace makaranta ta riƙa turo alƙaluma a ƙarshen zango ba tare da sunaye ba: nawa aka gano, nawa aka tura asibiti, nawa suka je, nawa suka daina zuwa makaranta. A shirye muke mu zo ofishinku da daftarin takardar rajista da ta turawa da jadawalin horon, duk ranar da kuka sa mana.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta, malaman ba da shawara da ma'aikatan jinya,
Sakkwato.